Shafin Da Muke Tsallakewa a Labaranmu



Mu duba yadda muke rubuta labarin shaye-shaye: jami'an NDLEA sun kama yaro da tiramol a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi, shafi na gaba sai ga shi a gidan yari. Abin da ke tsakani tsallake shi muke, alhali nan gizo ke saƙar.

Babbar Kotun Tarayya da ke Gusau ce ke sauraron irin wannan shari'a. Sashe na 310 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ce in an sami mutum da laifi, kafin a yanke hukunci a tambaye shi ko yana da mai shaidar halinsa, in bai riga ya kawo ba, sannan a bar shi ya roƙi sassauci. Nan ne malaminsa na allo ko ubangidansa na kasuwa zai faɗi yadda ya san shi. In an hana wannan shaida, yana iya kai kukansa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato cikin kwana 90.

Wani zai ce ai mai laifi ne. Gaskiya ne, ƙwaya ta cinye mana samari. Amma wanda ya yi tuntuɓen farko da dillali ba ɗaya suke ba, kuma sai alƙali ya ji zai bambance.

Uwar da ke Zurmi ba ta karanta kundin doka, amma 'yarta na karanta mata littattafanmu. Mu rubuta wannan shafin, kuma mu rubuta shi daidai.