Kunyar Da Ke Ciyar Da Ɓarawo

'Yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a tsakaninmu, wadda ya kamata a fito fili a yi Allah wadai da ita. Ɗabi'ar kuwa ita ce shirun da mai ilimi kan yi idan masu kutse suka shiga wayarsa ko kwamfutarsa. Manomi in aka sace masa akuya, kafin hantsi ya sanar da mai unguwa da maƙwabta. Amma ɗan jami'a in aka ƙwace masa WhatsApp, sai ya ja bakinsa ya tsuke, ya je ya sayi sabon layi, wai kada a ce ɗan boko guda an yi masa wayo. To, ina amfanin bokon?

Mu dubi abin da shirun nan yake haifarwa. Wani ya bugo maka waya, ya ce shi ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, za a yi taro ta intanet, ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka. Ka karanto. Lambobin nan kuwa su ne mabuɗin da WhatsApp ke aiko wa mai son ɗora asusunsa a kan sabuwar waya. Kafin la'asar ɓarawon ya bi danginka ɗaya bayan ɗaya, da sunanka da hotonka, yana cewa kana asibiti a turo kuɗi. Gwaggonka da ta soya ƙosai ta biya maka kuɗin makaranta, ita ce za ta fara turawa. Kai kana ɗaki kana jin kunya, ita tana biyan kuɗin kunyar taka.

Wasu kan ce ai sakarai kaɗai ake yi wa kutse. Wannan magana ba ta da tushe. A 2013 an shiga rumbun kamfanin Yahoo, kuma a 2017 kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi dukkan asusunsa, wajen biliyan 3. A watan Yuli na 2020 an yaudari ma'aikatan Twitter ta waya, har aka riƙa aika saƙon damfara da sunan Barack Obama da Bill Gates. In wannan ya faru ga waɗannan, kai wane ne da za ka ɓoye? Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Wasu kuma kan naɗe hannu su ce ƙaddara ce. Mu tambaye su: a watan Mayu na 2017, lokacin da cutar kwamfutar nan WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida, su wa ta kama? Waɗanda ba su sabunta manhajarsu ba, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada mu kira sakaci da sunan ƙaddara.

Saboda haka, wanda abin ya auka wa, ga abin da ya wajaba a kansa tun a ranar. Da farko ya yi shela: ya kira iyaye da abokai, ya ce kada kowa ya turo ko sisi. Sannan ya kira bankinsa a toshe katin da asusun. In layin wayarsa ya mutu haka kawai, ya garzaya ofishin kamfanin waya, domin mai yiwuwa an canza layin zuwa hannun wani, kuma ta layin ne lambobin banki ke shigowa. WhatsApp kuwa, ya sake yin rajista da lambarsa. Da zarar ya shigar da sababbin lambobi shida, an fitar da ɓarawon, ko da yake in ɓarawon ya sa nasa makullin na biyu, sai an jira kwana bakwai.

Daga nan sai kalmar sirri. A canza ta imel kafin kowace, domin ta imel ake buɗe sauran, kuma a yi hakan a kan wata na'ura da aka amince da ita. A duba ko an sauya lambar waya ko adireshin da ake dawo da asusu ta kansu, a kori duk baƙuwar na'urar da ke ciki, a kunna makulli na biyu. Kalma ɗaya ga kowane asusu, mai tsawo, ba shekarar haihuwa ba, ba sunan budurwa ba. Kwamfutar da aka shiga a raba ta da intanet, a kwashe takardu masu muhimmanci, a goge ta a sake ɗora mata manhaja ta halas. Mai amfani da Windows 10 ya sani Microsoft ya daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. A ƙarshe a adana saƙonnin ɓarawon da lambar asusun da ya bayar, a kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Nijeriya tana da dokar laifuffukan intanet tun 2015, amma doka ba ta kama wanda ba a kai ƙararsa ba.

Ku kuma ma'aikata da kuke liƙa kalmar sirrin ofis a jikin allon kwamfuta, ku tuna takardun da ke ciki na talakawa ne, amana ce aka ba ku. Gobe mu ne za mu riƙe baitulmali da fayilolin ƙasa. Wanda ya kasa faɗar gaskiya a kan wayarsa, yaya zai yi ranar da aka shiga ma'aikatarsa? In an yi maka kutse, ɗaga murya ka faɗa, ko ɗan'uwanka ya shafa wa gemunsa ruwa.