Mu Bar Gawo Ya Rayu a Gonakinmu

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, duk wanda ya duba gonakin Mashi da rani zai ga yawancin itatuwa sun kaɗe ganye, amma gawo yana nan kore shar. Da damina kuwa, lokacin da sauran ke toho, shi sai ya zubar da nasa. Saboda wannan hali muke ganin manomin yankinmu ba shi da aboki kamar gawo, kuma sare shi babbar asara ce.

Tun da ba shi da ganye da damina, inuwarsa ba ta danne gero ko wake. Ganyen da ya zubar yana ruɓewa ya zama taki. Saiwoyinsa suna ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, wanda dominsa iyayenmu ke sayen takin yuriya da tsada. Da rani awaki da shanu suna taruwa a gindinsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gona. Furensa kuma yana fitowa bayan ɗaukewar ruwa, ƙudan zuma su sami abin tsotsa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. Daga shekarun 1980 manoman Maradi suka fara abin da suke kira sassabin zamani. Idan ana sharar gona, ba a tumɓuke tohon itace. Sai a zaɓi mai ƙarfi, a rage masa rassa, a bar shi ya girma. Ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a gonakin ƙasar. A Matamaye da Magarya, can ƙetaren iyakar Daura, gawo ne ya fi yawa a cikinsu.

Wani zai ce iskar gas ta yi tsada, da me za a yi girki? Gaskiya ne. Amma reshe ake sassabewa, ba gindi ba. Wanda ya sassabe reshe zai sami itacen girki bana da baɗi. Wanda ya kayar da gawo don gawayi ya cinye ribar shekaru a mako guda, ya kuma buɗe wa zaizayar ƙasa ƙofa.

Kiranmu shi ne, kowane ɗalibi ya nemi izinin mahaifinsa ya kare tohon gawo biyar a gonarsu a sharar bana, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Muna kuma roƙon malaman aikin gona su nuna mana yadda ake sassaben a gonar makaranta kafin ruwa ya sauka.