Wa Zai Tambayi Magini Takardarsa?

Jama'a, yanzu da ruwa ya janye, ƙasa ta bushe, ga masu buga bulo sun koma bakin aikinsu, lokaci ya yi da za mu ɗauko wata magana wadda aka saba ajiyewa sai damina ta tsananta. Maganar kuwa ita ce ta wanda ya cancanci a damƙa masa gini a ƙasar Haɗejiya, da wanda ya kamata ya binciki aikinsa.

Ga yadda abin yake. Duk ɗan kwangilar da ke neman aikin Gwamnatin Jigawa, tilas ya yi rajistar kamfaninsa, sa'an nan ya tafi Dutse ofishin bin ƙa'idar kwangila, wanda aka fi sani da Due Process, a rubuta shi a ajin da ya dace da ƙarfinsa. Injiniyoyi suna da majalisarsu, watau COREN, tun 1970. Ƙwararrun masana gini kuma suna da tasu, CORBON, tun 1989. Duk wannan daidai ne. Amma mutumin da ya gina yawancin ɗakunan da ake kwana a cikinsu daga Auyo har Guri bai taɓa taka ƙofar ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba. Magini ne, ko birkila, wanda ya koyi sana'a a hannun ubansa ko maigidansa. Mai gida ya kira shi, suka yi jinga da baki, aka kawo yashi da siminti, shi ke nan.

Mu dai a namu gani, ba laifi ba ne a ɗauke wa irin wannan mutum nauyin rajistar manyan kamfanoni. Wanda zai yi yaɓen ɗaki, ko ya ta da katangar da ta zube, ina shi ina takardar shaidar haraji da kuɗin mota zuwa Dutse? Kadan aka tilasta masa, ɗayan biyu ne: ko ya bar sana'ar, ko ya ɗora kuɗin a kan talakan da ya kira shi.

Inda muke da ja shi ne a ce ƙanƙantar kuɗin aiki ita ce ma'auni. Wannan ma'auni ya yi daidai da tudu, bai yi daidai da fadama ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin nan ta sāke. Kachala ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi, yashi ya cike su, ruwa kuwa ba ya rasa inda zai nufa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba ya bukatar dogon bayani. A irin wannan ƙasa, ƙaramar kwalbati guda da aka tsuke bakinta ta isa ta mayar da ruwa cikin unguwa. Mutum ɗaya ya ciko filinsa ya datse magudana, gidaje goma na bayansa su kwana a tsaye. Aikin ƙarami ne wajen kuɗi, ɓarnarsa kuwa ta maƙwabta ce, waɗanda ba a yi shawara da su ba.

Dā ba haka aka bar abin sakaka ba. A garuruwan Hausa akwai Sarkin Magina, wanda ya san kowane magini da wanda ya koya masa, in gini ya faɗi an san ƙofar da za a buga. Zamanin En'e kuma akwai ma'aikatar ayyuka a kusa. Gyaran mulki na 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, tsarin mulki na 1999 kuwa ya lissafa ayyukansu: gyaran tituna da magudanan ruwa, sanya wa gidaje lamba, ba da lasin na keke da amalanke da baro da kwale-kwale. Abin mamaki, an tuna da mai tura baro, ba a ambaci mai aza harsashin gida ba.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokoki ta Jigawa, musamman wakilan ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗejiya, su kawo doka wadda za ta raba aiki bisa ga haɗarinsa. Yaɓe da daɓe da gyaran rufi a bar su yadda suke. Amma bene, da makaranta, da masallaci, da duk abin da ya taɓa hanyar ruwa, kada a aza tubali sai mai shaida ya duba. Kowace ƙaramar hukuma ta buɗe littafin magina na ƙasarta, shugabannin sana'ar su shaidi mutum, a rubuta shi.

Mun san abin da mai karatu zai ce, gama mu ma mun ji tsoronsa: kada littafin ya zama sabuwar hanyar karɓar kuɗi, a tsaya wa magini a kan aiki da rasit a hannu. Lalle sai dokar ta yanke kuɗin rajista da kanta, kaɗan, iri ɗaya a ko'ina, kuma wanda aka rubuta a Kafin Hausa kada a sāke tatsarsa in ya sami aiki a Malam Madori.

Saura abu guda wanda kowa ya sani, ba a dai cika faɗa ba. Sau da yawa mai rajista shi ke karɓo kwangila, ya cire rabonsa, ya sayar wa wani, wannan kuma ya miƙa wa birkilan ƙauye da ɗan abin da ya rage. Sai a rage siminti, a rage rodi. In dokar ta zo, ta ɗora alhakin aikin a wuyan wanda sunansa ke kan takarda, ta kuma wajabta masa rubuta sunan wanda ya riƙe cokalin ginin.