Noma da Lambu: Ƙasar Cikin Baho Ma Numfashi Take Yi

A watan Satumba na 1991 aka rufe mutum 8 cikin wani katafaren ginin gilashi mai suna Biosphere 2 a Jihar Arizona ta Amurka, domin su shekara 2 suna noma abincinsu a ciki. Cikin wata 16 iskar oksijin da suke shaƙa ta ragu daga kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen 14, har sai da aka ɗura musu wata daga waje a farkon 1993. Da aka bincika, ashe ƙasar nomansu ce ta sha taki da yawa, ƙananan halittun da ke cikinta suka yi ta cin ruɓaɓɓen abu suna shanye iskar.

Wannan labari darasi ne ga duk mai shuka tumatir ko tattasai cikin babban baho ko rabin ganga a ƙarƙashin rufi. Ƙasa mai taki rai gare ta. Cikin cokali guda akwai miliyoyin halittun da ido ba ya gani, ga kuma tana, su ne ke narkar da taki ya zama abincin saiwa. Watau mai baho kiwo yake yi, kuma dabbobin nasa suna bukatar ruwa da iska a lokaci guda.

A gona ruwan sama yakan nutse, rana da iska su kwashe saura. A ɗaka kuwa babu mai kwashewa. In ruwa ya yi yawa sai ya toshe kafofin iska, saiwa ta ruɓe, ƙasa ta yi tsami, ƙananan ƙudaje su cika ɗakin. In kuma aka bar ta ta bushe ƙayau, tana ta mutu, ƙasar ta janye daga jikin baho, ruwan da aka zuba ya bi gefe ya zurare, tsakiya na nan a bushe.

Saboda haka masu wannan sana'a sukan auna. Baho mai cin lita 100 na ƙasa, lita 5 zuwa 10 na ruwa sun ishe shi a zubi ɗaya, a yayyafa sannu sannu, a dakata ya nutse, sa'an nan a ƙara. Kafin ban ruwa sai a tona da yatsa a dunƙula ƙasar. In ta ɗiga, a ƙyale ta. In ta dunƙulu ba ɗigo, ta yi daidai. In ta watse, ƙishirwa take ji. Lalle ne kuma gindin bahon ya kasance da huda.

Abin da ke riƙe wannan daidaito shi ne lulluɓi. A shimfiɗa bambaro ko busasshen ganye mai kaurin inci 2 zuwa 3 bisa ƙasar, a bar ɗan fili kewaye da karan shuka don kada ya ruɓe. Lulluɓin yana hana saman ƙasa bushewa, tana kuma ta ci shi daga ƙarƙashi ta mai da shi taki. In ya yi sirara sai a ƙara, ba tare da an kafta ƙasar ba.

Wanda ya kiyaye wannan, ƙasa guda za ta yi masa shuka bayan shuka. Wanda ya yi sake kuwa, kullum yana kan sayen sabuwa. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.