ZARE: Sifaniyanci a jami'ar mishan, da fatar Challawa

1/ Jiya da daddare wani aminin mahaifina ya kira ni. 'Yarsa ta samu gurbi a wata jami'ar mishan a kudu, za ta karanci harsunan Turai, Sifaniyanci ne babban darasin. Dangi sun ce atafau ba za ta ba. Ya ce, "Ɗana, kai da ka bi hanyar nan, me ka gani?" Ga abin da na faɗa wa Baba.

2/ Ni ma a irin wannan jami'a na yi digirina, kuma a wannan yaren. Da zan tafi ba irin maganar da ban sha ba. Wani kawuna cewa ya yi, yaren 'yan ƙwallo za ka je ka koyo a makarantar fada? Yau shekara shida ke nan ina aiki a wani kamfanin jima a Challawa, da yaren nake cin abinci.

3/ Ra'ayina a taƙaice: a bar ta ta je, amma da sharaɗi. Zan kawo sharuɗɗan a ƙasa. Bari mu fara da tambayar da kowa ke yi: mece ce haɗin Bakano da Sifaniyanci? Amsar tana cikin kwantenonin da ke fita daga Challawa da Sharaɗa.

4/ Fatar awaki da tumakin da fatake ke tattarowa daga kasuwannin ƙauye, har daga Nijar da Chadi, a nan Kano ake jeme ta. Manyan masu sayenta a Turai su ne Italiya da Sifaniya. Garin Elche da Elda sun yi suna a takalmi, Ubrique kuma a jaka da walat. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi sananniya ce a wajensu.

5/ To wa ke magana da waɗannan mutane? Yawanci ba mu ba ne. Dillali ne a tsakiya, ko baƙon da ke riƙe da ofishin fitar da kaya. Mu namu wanki, jima, loda mota. Wanda ya ji yaren mai saye shi ke sanin farashin gaskiya, shi ke sanin dalilin da ya sa aka rage kuɗi.

6/ Misali daga wajen aikina. Akwai mai saye da ya yi ta mayar mana da kaya lamba ɗaya zuwa lamba biyu. Saƙon da ke iso mana ta hannun dillali kullum ɗaya ne: kaya ba kyau. Shi ke nan. Mun canza magani, mun canza injin, asara dai ba ta tsaya ba.

7/ Ranar da aka ba ni waya na yi magana da mutumin kai tsaye, minti ashirin ta isa. Ashe jimarmu lafiya lau take. Matsalar tun daga fiɗa ce: tsagar wuƙa a bayan fata, da jinkirin sa gishiri. Muka koma wajen masu kawo mana kaya da mahauta muka gyara. Ma'aikatan da ake shirin sallama suka tsira da aikinsu.

8/ Duk wanda ya san Bompai da Sharaɗa a da ya san yadda masaƙu suka rurrufe, gine-gine suka koma rumbun ajiya. Wuta ba ta tsayawa, dizal ya yi tsada, kayan waje sun cika Kwari. Fata na cikin 'yan abubuwan da har yanzu duniya ke zuwa nema a wajenmu. Sakaci ne a ce cinikinta sai da bakin wani.

9/ Kuma ba sabon abu ba ne. Shekaru aru-aru ayari ke ɗaukar jemammiyar fatar ƙasar Hausa ya keta Sahara da ita. Da ta isa Turai sai ake kiranta fatar Maroko, don daga can suka saye ta. Aikin na majemanmu, sunan na mai shiga tsakani. Yau ma kusan haka ake yi.

10/ Masu cewa yaren arna ne, mu yi wa juna adalci. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 zuwa 1492. Mai Tafsirin Ƙurɗubi ɗan Kordoba ne. Ibn Malik mai Alfiyya a Jayyan aka haife shi. Alfazazi mai Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu shi ma ɗan Andalus ne.

11/ Gaskiya ne da Larabci suka yi rubutu, ba da Sifaniyanci ba. Amma zaman ya bar dubban kalmomin Larabci a cikin yaren. Magajin gari suna ce masa alcalde, tushensu ɗaya da alƙalinmu. Sukari azúcar ne. In suna fatan abu su ce ojalá, asalinta ambaton Allah ne. Ɗan Islamiyya na shiga ajin da jari a hannu.

12/ Malamanmu kuma suna karantar da mu cewa Annabi (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu. Dalilin a fili yake: kada sirrinka ya rataya a bakin wanda ba ka amince da shi ba.

13/ Ban da fata ma, yaren na da faɗi. Kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da shi, harshen hukuma ne a ƙasashe kusan 20. Ga Ikwatoriyal Gini nan kusa da gaɓar Kalaba. Umar Sadiq ɗan Kaduna ya buga wa Almería da Real Sociedad. Mu kuwa iyakarmu ihun Madrid da Barca a gidan kallo.

14/ Yanzu batun jami'ar mishan. A nan ba zan yi muku daɗin baki ba, tsoron iyaye na da tushe. Wasu jami'o'in dole ne kowane ɗalibi ya shiga coci, ana ɗaukar suna. Wasu ba masallaci a ciki. Wasu dokar tufafinsu ba ta yarda da hijabi ba. Wasu kuma ba ruwansu da addininka.

15/ Tawa tsaka-tsaki ce. Akwai taron safe na dole, amma an bar mu mu yi salla, Juma'a mu fita gari. Azumin farko na sha wuya, don ɗakin cin abinci ba ya buɗewa da asuba. Wata malamarmu Kirista ce ta sa baki aka riƙa ajiye mana sahur. Allah Ya saka mata.

16/ Sharaɗi na 1: Baba ya je da ƙafarsa, ko ya tura yayanta. A karɓi littafin dokokin ɗalibai a karanta. Salla, hijabi, Juma'a, azumi, shiga coci: a samu amsa a rubuce kafin a biya ko sisi. In sun ce sai ta cire hijabi, a haƙura a nemi wata. Ba su kaɗai ke koyar da yare ba.

17/ Sharaɗi na 2: kada ta tsaya a yare kawai. Digirin yare shi kaɗai ba ya kawo aiki, wannan na gani a kan abokan karatuna. Ta haɗa da sanin kasuwanci ko takardun fitar da kaya. In hutu ya zo ta shigo masana'anta ta ga yadda ake tantance fata. Ga kuma NILEST a Samarun Zariya, cibiyar ilmin fata.

18/ Sharaɗi na 3: a tabbata NUC ta amince da kwas ɗin, kuma akwai malaman da ke magana da yaren da gaske. Akwai wanda zai shekara huɗu yana haddar nahawu, a miƙa masa waya ya kasa gaisawa.

19/ 'Yan kasuwar Kwari da ke zuwa Guangzhou suka tsinci yaren Sin, ba wanda ya ce sun bar addini, cewa aka yi sun waye. Kada don wannan mace ce a sauya ma'auni. Tarbiyyar da aka yi mata shekara 18 a gida ita za ta tafi da ita.

20/ Baba ya ce ranar Litinin zai tura yayanta ya dubo makarantar. Wanda ya yi karatu a irin waɗannan jami'o'in ya faɗa mana yadda tasa take a ƙasa, ba sai an kama suna ba, don iyaye su san abin tambaya. Allah Ya yi mana zaɓi mafi alheri.