Tsohon Kare Ma Yana da Haƙƙi a Kanmu

Akwai wani zalunci da muka saba da shi a garuruwanmu har mun daina ganinsa zalunci. Mutum zai ɗauki ɗan kwikwiyo ya raine shi don gadin gida ko gona ko farauta, ya amfana da shi shekara da shekaru. Ranar da haƙora suka zube, ido ya dushe, ƙazwa ta cinye gashi, sai a buɗe ƙofa a kora shi bola. An ci moriyar ganga, an yar da kwaurenta. A ganina, wanda ya ɗauki irin wannan kare ya yi jinyarsa, bashi yake biya a madadinmu duka.

Akwai irinsa a gidana. Sunansa Duna, a da karen gadi ne a wani gini da ake yi a unguwarmu. Da aka gama aiki mai gadi ya tafi, aka bar shi kwance a bakin kwata, haƙarƙari a waje, jiki duk kaska, ƙudaje sun cinye bakin kunnuwansa, yara na jifansa. Da na ɗauko shi, likitan dabbobi da ya duba shi ya fara da gargaɗi: kada a cika masa ciki lokaci guda, domin cikin da ya daɗe da yunwa abinci mai yawa na iya hallaka shi. Sai kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Aka ba shi maganin tsutsar ciki, aka yi masa wankan kaska da allurar ƙazwa, muka keɓe shi daga yara har ya murmure aka yi masa rigakafin haukan kare.

Jiki ya riga zuciya warkewa. Gashi ya tsiro, amma ko tsintsiya aka ɗaga don shara sai ya maƙale a bango yana rawar jiki. Tsohon kare da aka wulaƙanta ba ya buƙatar horo, haƙuri yake buƙata: abinci a kan lokaci, inuwa, ruwa, da hannun da ba ya duka. Yanzu yana gadin gidan gwargwadon ƙarfinsa, kuma yana da natsuwar da kwikwiyo ba shi da ita.

Wani dattijo maƙwabcina ya ce mini, "Malam, kare fa ba abin ajiyewa ba ne a gidan Musulmi." Na girmama maganarsa, amma a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Hadisi ya halatta ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da dama kuma sun haɗa da gadin gida. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da muke karantawa a zaure, shi kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Ba cewa nake a kwana ɗaki ɗaya da kare ba. Duna a bayan gida yake, da kwanonsa daban. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta. Mun haddace hukuncin wanke kwanon da kare ya lasa sau bakwai, me ya sa muka manta da waɗannan?

Wasu kuma za su ce mutane na kwana da yunwa, ina zancen kare? Ragowar tuwo da ƙanzon da muke zubarwa sun ishe shi, kuma tausayin dabba bai taɓa rage tausayin mutum ba. Bayan haka, maganar ta shafi lafiyar 'ya'yanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnuka rigakafi yana katse yaɗuwarta, kuma ana samar da allurar a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Karen da aka kora bola ba mai kai shi allura. Wanda ke da gida yana da mai kai shi.

Don haka, mai kare ya riƙe abinsa har ƙarshen ransa. Wanda ke neman karen gadi ya duba tsofaffin da aka yasar kafin ya sayi kwikwiyo, amma ya fara da likitan dabbobi, kada ya kama kare mai dalalar da yawu ko cizon duk abin da ya gani. Ƙananan hukumomi su kai rigakafi unguwa-unguwa, limamai kuma su sa haƙƙin dabba a huɗuba. Dabbar da ta yi mana hidima amana ce, kuma za a tambaye mu a kanta.