Kafin ka ƙara wa tsohuwar mota doki, nemo waɗanda suka ɓace

Duk mai zaman fada da dare a Maraɗi ko Damagaram ya san wannan ƙarar. Wata tsohuwar Corolla ko Starlet ce za ta taho tana ruri kamar za ta tsaga unguwa, amma in ka ɗaga kai sai ka ga ɗan kabu-kabu yana shan gabanta. An huda salansa, an cire katalizo, an ɗaura wata matatar iska ja mai ƙyalli, mai motar kuma ya yi imani ya ƙara mata ƙarfi, don haka ya gani a TikTok da YouTube. Ni kam ina ganin yawancin kuɗin da samarinmu ke zubawa a wannan harka asara ce, wani lokacin ma har da rai a ciki.

A gidanmu na ga abin. Wani ƙanena, ɗan baffana, yayansa da ke Beljiyam ya aiko masa da Corolla ƙirar 1998. Wata biyu ba a yi ba ya kai ta wani garaji aka yi mata duk abin da na lissafa, aka haɗa da cire tamostat, wai don kada ta yi zafi. A watan Afrilu, da tsakar rana, kan hanyar Tasawa, injin ya tafasa, juwan kulas ya ƙone, da igiya aka jawo ta gida. Tsohon makaniken da ya buɗe ta ya nuna masa radiyato cike da laka da buji huɗu da suka cinye, ya ce: “Yaro, wannan tun da ta sauka daga jirgin ruwa wanka take nema, kai kuma ka sa ta tsere.”

Abu huɗu inji ke so ya ba da ƙarfi: iska, mai, tartsatsin wuta a kan lokaci, da matsi cikin silinda. Motar da ta yi shekara 20 a Turai kafin ta iso mana ta Kwatano ko Lome ta riga ta yi rauni a kowane ɗaya. Zoben fistan ya lashe, matsi yana zurarewa. Injekta sun toshe, buji sun gaji, matatar mai ta cika da datti. Injin Corolla 1.6 na shekarun 1990 ya fito daga kamfani da doki wajen 110. Mai irin wannan mota a Tawa yau, tambayar da ta kamace shi ita ce nawa suka rage a ciki. Gwajin matsi ba ya cin rabin awa. In wata silinda ta gaza ƴan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin ɗari, duk abin da za ka ɗaura a waje ado ne kawai.

Sai kuma yanayinmu, wanda masu bidiyon Jamus da Japan ba su san shi ba. Iska mai zafi ba ta da nauyi: a digiri 45 ta fi ta digiri 20 sauƙi da kusan kashi 8 cikin ɗari, injin kuma gwargwadon iskar da ya shaƙa yake ƙona mai. Matatar nan ja da ake bari a buɗe ƙarƙashin bonet iskar da ta fi kowace zafi take zuƙa, ta gefen inji, alhali akwatin asali daga waje yake jawo ta. Ga ƙurar hunturu. Matatar da ke barin iska ta wuce da sauƙi tana barin ƙura ma ta wuce, ƙura kuwa cikin silinda kamar yashi ce a kan gilashi. Ka sayi ƙara, ka sayar da shekarun injinka.

Haka batun katalizo. Gaskiya ne wanda ya toshe yana shaƙe mota, kuma dole a canza shi. Amma mai lafiya in an cire shi kusan ba abin da ke ƙaruwa sai hayaƙi mai guba a hancin yaran unguwa. A cikinsa akwai ƙarafa masu tsada, platin da paladiyom da rodiyom, akwai kuma masu sayensa. Saboda haka in an ba ka shawarar cire shi, tambayi inda za a kai wanda aka cire. Tamostat ma ba abokin gaba ba ne. In babu shi injin yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar motar ta yi ta ƙara mai, aljihunka ya ji a jika. Maganin zafi shi ne radiyato mai tsabta, fanka mai aiki, famfon ruwa mai lafiya da ruwan sanyaya inji na gaske a maimakon na rijiya mai barin gishiri.

Masu wannan sana'a za su ce ai ana ƙara wa inji ƙarfi a ko'ina a duniya, kuma ba ƙarya suka yi ba. Injin gazuwal mai turbo, in gwani ya sake masa lissafin kwamfuta, yana ƙaruwa sosai. Amma ƙarin yana zuwa da ƙarin zafi da ƙarin nauyi a kan kuloci da giya, kuma can suna yi ne da na'urar auna ƙarfi da man da suka san ingancinsa. Ƙaramin injin esansi marar turbo kuwa, irin wanda yawancinmu ke da shi, abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. In kuma kana shan man kwalba na bakin hanya, wanda ba ka san me aka gauraya a ciki ba, sannan aka matso maka da lokacin tartsatsi gaba, injin zai fara ƙwanƙwasa, fistan ne zai biya.

Abin da ya fi damuna shi ne birki. A ce ma an yi nasara, motar da ke tsayawa a 100 yanzu tana kai 120. Tazarar da take bukata ta tsaya bayan an taka birki ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, domin lissafin gudu ninkin kansa yake yi. Wannan a kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ce, mai ratsa kasuwannin ƙauye, inda amalanke da awaki da ƴan makaranta ke tsallakawa ba sallama. Da wace taya za ka tsaya? Yawancinmu tsofaffin tayun Turai muke sa wa mota. Duba gefen tayarka, akwai lamba huɗu bayan DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Taya mai 2314 tun 2014 aka yi ta, ko da zanenta bai goge ba. Man birki kuma yana shan danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Wa ya tuna ranar da ya canza nasa?

Ga ƴan'uwanmu da ke Faransa, Beljiyam, Amurka ko Aljeriya, ku da ake turo wa hoton kaya ta WhatsApp ana cewa “yaya, a taimaka”: ku taimaka, amma ku zaɓi abin da za ku sa a jaka. Buji na asali, matatar iska da ta mai, bel ɗin inji, tamostat, takalmin birki, da ƴar na'urar OBD mai karanta matsalar mota a waya. Waɗannan su ne ke wuyar samu na ƙwarai a kasuwarmu, inda jabu ya yi yawa.

Ƙanena ya bi wannan hanyar daga baya, bayan gyaran ya cinye masa kuɗin da ya tara na wata da watanni. An mayar da akwatin iska da salansar asali, an wanke injekta da radiyato, yana bidanj a kan lokaci, ya daina loda mata buhunan da suka fi ƙarfinta. Yanzu tana zuwa Konni ta dawo allurar zafi ba ta motsa ba, kuma mai kaɗan take sha. A fada ba mai juyowa ya kalle ta in ta wuce, shi ma ya daina damuwa da hakan.